Sauro Da Zazzabi: Yadda Aka Gano Mai Laifi

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan zazzabin cizon sauro ne, watau ciwon nan da likitoci ke kira maleriya. Sunansa na Hausa ya riga ya faɗi inda cutar take fitowa, har mai sauraro zai zaci tun fil azal aka san haka. Ba haka ba ne kuwa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tabbatar da laifin sauro, bayan ciwon ya shekara dubbai yana kashe mutane ba wanda ya san hanyar da yake bi.

Mutanen Italiya na dā sun lura zazzabin ya fi kama mazauna kusa da fadamu, sai suka ce mugun tururin da ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwa ne ke kawo shi. Daga nan sunan maleriya ya fito, gama da harshensu ma'anarsa muguwar iska. A ƙasashen Afirka ta Yamma kuma wasu sukan ɗora laifin a kan cin sabon hatsi, wasu a kan dukan ruwan sama, wasu a kan zafin rana. In ciwon ya hau kan yaro har ya shiga jijjiga, sai a ce taɓuwar iska ce. Bai kamata a yi wa waɗannan mutane dariya ba. Sun ga lokacin ciwon daidai, watau damina da farkon kaka, sun kuma ga wurinsa daidai, watau inda ruwa ke kwanciya. Abin da ke tsakanin ruwan da jikin mutum ne kaɗai ya ɓace musu, shi kuwa yana nan yana kuka a kunnensu kowane dare.

Abin mamaki, an sami maganin ciwon tun kafin a san dalilinsa. Akwai wani itace a duwatsun ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, wanda ɓawonsa ke da ɗaci ƙwarai. Tun cikin ƙarni na 17 ake kai ɓawon nan Turai, a shekara ta 1820 kuma wasu masu haɗa magunguna biyu a Faransa suka tace ainihin maganin da ke cikinsa, shi ne kwinin. Kogin Kwara ya shaida ƙarfinsa. A shekara ta 1841 Ingilishi suka aiko jiragen ruwa uku su hau kogin, da Turawa kamar 150 a ciki. Kusan dukansu suka kwanta, fiye da 40 suka mutu, tafiyar ta watse. A 1854 kuwa Likita Baikie, wanda daga baya ya zauna a Lakwaja har ya koyi Hausa, ya hau Kwara da Binuwai da jirgi guda, yana ba mutanensa kwinin kowace rana. Suka yi kusan wata huɗu a cikin kogi, suka koma teku ba wanda ya mutu. Duk da haka shi kansa Baikie bai san abin da kwinin ɗin yake kashewa ba.

Wanda ya fara ganin ƙwayar cutar da idonsa wani likitan sojan Faransa ne, sunansa Laveran, yana aiki a asibitin soja na garin Kustantina, a Aljeriya. Ran 6 ga watan Nuwamba, 1880, ya ɗebi ɗigon jinin wani soja mai zazzabi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, watau na'urar nan mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Sai ya ga wani abu mai rai yana motsi cikin jinin, yana kaɗa waɗansu zaruruwa kamar bulala. Ya kai labari birnin Faris, manyan likitoci suka ƙi yarda, suka ce lalatattun ƙwayoyin jini ne kawai ya gani. An yi shekaru kafin su sakko. Ko da suka yarda, babbar tambayar tana nan: ta wace ƙofa wannan halitta take shiga jinin mutum?

A nan ne Ronald Ross ya shigo labarin. An haife shi a Indiya a 1857, ɗan wani hafsan sojan Ingila. Ba likitanci yake so ba tun farko, ya fi son waƙa da zane da lissafi, ubansa ne ya tura shi. Ya shiga aikin likitancin soja a Indiya a 1881, ya yi shekaru ba wani abin a zo a gani. Har ma yana cikin masu musun maganar Laveran, domin ya duba jinin masu zazzabi bai ga kome ba. A 1894, sa'ad da ya je hutu Landan, ya ziyarci wani dattijon likita, Patrick Manson, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Sin. Manson ya nuna masa ƙwayar a madubi, ya kuma gaya masa abin da ke ransa, cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Yana da dalili, gama tun a 1877 ya gano sauro yana zuƙar tsutsar da ke kawo ciwon tundurmi daga jinin mutum, tana kuma girma a cikinsa.

Amma Manson ya kuskure wuri guda. Shi a zatonsa sauron yakan faɗa ruwa ya mutu, mutum ya sha ruwan, ya kamu. Ross ya koma Indiya da wannan zato, har ya jiƙa matattun sauro a ruwa ya ba wani mutum ya sha, bai sami wata hujja ba. Ya shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya. Mai sauraro ya dubi girman sauro, sa'an nan ya tuna cewa cikinsa ake fitarwa da tsinin allura a shimfiɗa a kan gilashi, a duba shi kusurwa kusurwa, aikin da kan ci sa'a biyu ko uku a kan sauro guda. Duk wahalar nan a banza take tafiya, domin irin sauron da yake kamawa ba masu ɗaukar cutar ba ne, shi kuwa bai sani ba. A lokacin ba wanda ya damu da rarrabe irin sauro. Sauro dai sauro ne. Shi da Manson sun yi wa juna wasiƙu fiye da 150 a waɗannan shekaru, dattijon yana ba shi haƙuri, yana zuga shi kada ya bari.

Cikin watan Agusta na 1897 yana garin Sikandarabad, ana tsananin zafi. Ba ya iya sa a ja masa mafici, gama iskar za ta kwashe ɗan abin da ya feɗe. Gumi ya sa ƙusoshin madubinsa sun yi tsatsa, gilashin da yake kafa ido a kai kuma ya tsage. Sai wani ma'aikacinsa ya kawo masa wani irin sauro da bai saba gani ba, mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda in ya sauka a bango yakan dunƙufar da kai ya ɗaga gindi sama. Ran 16 ga wata ya sa su suka ciji wani majinyaci mai suna Husaini Khan a cikin gidan sauro, ana biyansa ɗan kuɗi a kan kowane cizo. Ya riƙa feɗe su kaɗan kaɗan kowace rana, har suka rage biyu. Ran 20 ga wata ya feɗe na kusa da ƙarshe. Ya duba ko'ina bai ga kome ba, saura bangon ciki kaɗai, idonsa kuma ya gaji. Da ya daure ya duba, sai ga waɗansu ƙulle-ƙulle zagayayyu manne a bangon, a cikin kowanne akwai baƙin ɗigo irin wanda ake gani cikin ƙwayar cutar a jinin mutum. Kashegari ya feɗe na ƙarshen, ya iske su nan, sun kuma ƙara girma. Abin da ke girma kuwa mai rai ne. Don tunawa da wannan rana ne ake kiran 20 ga Agusta ranar sauro ta duniya.

Da ma'aikatar soja ta san abin da ke hannunta, da ta bar shi ya ƙarasa. Sai ta yi masa canji zuwa wani ƙauye a Rajputana inda da ƙyar ake samun mai zazzabin. Manson ne ya yi ta kai da kawowa a Landan har aka mai da shi Kalkata a farkon 1898. A can ma bai sami majinyata ba, sai ya koma kan tsuntsaye, gama su ma suna da nasu irin maleriya. Tare da mataimakinsa Muhammad Bux ya bi ƙwayar kwana bayan kwana a jikin sauro. Ya ga ƙulle-ƙullen nan suna fashewa, dubban 'yan sirara suna fita, suna bin jikin sauron har su taru a jakar miyau da ke kusa da bakinsa. A watan Yuli ya sa sauron suka ciji lafiyayyun gwarare, gwararen suka kamu. Ashe ba a ruwan sha cutar take ba, a cizon take.

Saura a nuna haka a jikin ɗan Adam. Wannan kuwa Italiyawa uku ne suka yi a birnin Rum kafin shekarar ta ƙare, Grassi da Bignami da Bastianelli. Grassi masanin ƙwari ne, shi ya tantance cewa jinsi guda ne na sauro ke ɗaukar maleriyar mutane, wanda ake kira anofilis. Aka ba Ross lambar Nobel a 1902, ba a haɗa da Grassi ba, mutanen biyu kuma suka yi ta zagin juna a rubuce har tsufa. Gaskiyar magana, aikin kowannensu bai cika ba sai da na ɗan'uwansa.

Jama'a dai ba su gamsu ba, gama maganar madubi maganar likitoci ce. Saboda haka a 1900 Manson ya shirya gwaji iri biyu wanda kowa zai gane. Ya aika likitoci biyu, Sambon da Low, zuwa Ostiya, wata fadama kusa da Rum inda zazzabi ya yi ƙaurin suna. Suka kafa ɗakin katako mai ragar waya a ƙofa da tagogi. Da rana suna yawo cikin fadamar, suna shaƙar iskar nan da ake cewa muguwa ce, ba sa shan kwinin. Kafin rana ta faɗi sai su shiga ɗaki su rufe. Suka yi kamar wata uku a haka lafiya lau, maƙwabtansu manoma kuwa suna kwance. Na biyun ya fi ban tsoro. Aka sa sauro suka ciji masu zazzabi a asibitin Rum, aka zuba su cikin akwati aka aika Landan, inda ba maleriya. Wanda ya miƙa hannu suka cije shi ɗan Manson ne na cikinsa, saurayi mai koyon likitanci. Bayan kamar mako biyu ya kwanta da masassara, aka ga ƙwayar a jininsa, aka ba shi kwinin ya tashi.

To, ga yadda abin yake tafiya, bisa ga sanin yau. Irin sauro a duniya sun fi 3,500, amma waɗanda ke yaɗa maleriya sosai ba su wuce iri 40 ba, dukansu anofilis. A cikinsu ma mace ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini ta yi ƙwai. Namiji ruwan furanni yake sha. In ta ciji mai cutar, takan zuƙo ƙwayoyin maza da mata tare da jinin. Su haɗu a cikinta, su yi ƙullin nan da Ross ya gani, bayan kwana 10 zuwa 14 'ya'yansu su isa jakar miyau. Kafin wannan lokaci cizonta ba ya ba da cuta. A nan lagon cutar yake, gama yawancin sauro ba sa kai kwana goma sha huɗu a duniya. Tsohuwar macen sauro ce mai kisa. Duk dabarar da ta rage wa sauro kwana, ko ba ta ƙarar da su ba, ta rage ciwon ƙwarai.

Sa'ad da ta ciji mutum, takan fara tofa miyau don kada jinin ya daskare, ƙwayoyin su bi miyau su shiga. Ba sa tsayawa a jini, hanta suke nufa. Wannan ɓuya a hanta sai a 1948 aka gano ta, a Landan. Can suke zama kamar mako guda, mutum yana harkarsa bai san kome ba, kowace ƙwaya guda tana rarrabuwa ta zama dubbai. Sa'an nan su fito su faɗa wa jajayen ƙwayoyin jini, su ci abin da ke ciki, su hayayyafa, bayan kwana biyu su fasa su fita neman waɗansu. Fashewar nan ce ke kawo rawar ɗari, da zafin jiki, da gumi. Ita ce kuma ke ƙarar da jinin yaro har tafin hannunsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura. Irin da ya fi yawa a Afirka, mai suna falsifarum, yana da wani mugun hali kuma: yakan sa ƙwayoyin jinin da ya shiga su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Abin da ke sa jijjiga da suma ke nan, yana kuma iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai wani abin lura a nan. Sauron da ya fi damun mutanen birni da kuka, wanda ke fitowa daga kwata da masai, yawanci ba shi ne mai maleriya ba. Anofilis na Afirka, wanda masana ke kira gambiye, ba ya son ƙazamin ruwa. Ya fi son ɗan ruwan sama mai tsabta da rana ke duka: sawun kofaton shanu, gefen kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gurbin ƙafar mota. Daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana goma ba. Cikin dare yake cizo, ya fi son jinin mutum da na dabba, yana kuma son shiga ɗaki. Saboda waɗannan halaye babu sauron da ya kai shi iya yaɗa cutar, shi ya sa nauyinta ya faɗo kan Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an yi ciwon sau miliyan 263, mutum kamar 597,000 suka mutu, kashi 95 cikin ɗari nasu a Afirka, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ƙasar Birazil ta taɓa ɗanɗana halin sauron nan. A watan Maris na 1930 wani masanin ƙwari ya ga tsutsotsin gambiye a wani ɗan ruwa a garin Natal, a bakin teku, inda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ana kyautata zaton ya biyo jiragen ruwan Faransa masu sauri da ke kai wasiƙu daga Dakar. Ba a ɗauki abin da zafi ba, sauron ya bi rafuka ya shiga ƙasa. A 1938 annoba ta tashi a arewa maso gabashin ƙasar, mutum fiye da 100,000 suka kwanta, aƙalla 14,000 suka mutu, gonaki suka zauna ba mai girbi. Sai Gwamnati ta haɗa kai da Gidauniyar Rockefeller, aka ba wani likitan Amurka, Fred Soper, ragamar yaƙin. Ya ɗauki ma'aikata wajen 4,000, ya raba ƙasar gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da mai ita. Kowane mako ana barbaɗa wani koren garin guba a kan kowane ruwa komai ƙanƙantarsa, ana fesa magani a ɗakuna, ana tare motoci da jiragen ƙasa a feshe su kafin su fita. A bayan kowane ma'aikaci akwai mai duba aikinsa, a bayan mai dubawa akwai wani. Kafin ƙarshen 1940 ba a ƙara ganin gambiye a Birazil ba. An sake yin irin wannan a Masar, inda sauron ya biyo Kogin Nilu daga Sudan a 1942, aka gama da shi a 1945.

Nasarar nan, da samun maganin feshi mai suna DDT, su suka ba Hukumar Lafiya ta Duniya ƙarfin zuciya ta ɗaura niyyar kawar da maleriya daga duniya a 1955. An yi nasara a Turai da wasu sassan Asiya. Amma korar baƙo daban, korar ɗan gida daban. A yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, an fara feshin ɗakuna a 1954. Ba a yi shekara biyu ba aka iske sauron ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan. A 1969 Hukumar ta sauka daga wancan buri. Daga wannan shekara zuwa 1976 ita da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Suka iske a wasu ƙauyukan mutum guda yakan sami cizo mai cuta fiye da 100 a shekara. Damina biyu ana fesa magani a ɗakuna, ana kuma ba kowa da kowa ƙwayar magani. Cutar ta ragu har ta kusa ɓacewa, amma ba ta yanke ba, domin wani kashi na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki, in ya ciji sai ya fita waje. Da aka daina aikin, ta dawo. Har yau masana na duniya suna amfani da lissafin da aka tara a ƙauyukan Garki.

Daga nan aka koma ga rage mutuwa maimakon neman kawarwa gaba ɗaya, an kuwa sami ci gaba. Gidan sauro mai magani ya zama babban makami, gama yana yin aiki biyu: yana tare cizo, kuma mai barci a ciki ya zama tarko, sauron da ya biyo warinsa ya taɓa ragar ya mutu. Gwajin da aka yi a Navrongo, a arewacin Gana, wanda aka bayyana a 1996, ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 17 cikin ɗari. Da kulorokwin ya daina aiki, sai aka koma ga wani magani da wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar a farkon shekarun 1970 daga wani ganye dangin tazargade. Ana haɗa shi da wani maganin don kada ƙwayar ta saba da shi. Tun 2012 a ƙasashen bakin hamada, kamar Nijar da Cadi da arewacin Nijeriya, ake ba ƙananan yara magani wata wata duk tsawon damina. Allurar rigakafi ma ta samu: an amince da ta farko a 2021 bayan gwaji a Gana da Kenya da Malawi, ta biyu a 2023, Kamaru kuma ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum a watan Janairu na 2024. Ba ta tsare yaro ɗungum, saboda haka ba ta ɗauke wa uwa ɗaura gidan sauro ba.

Akwai magana ta musamman ga masu sauraro da ke zaune a Ingila ko Amurka ko wata ƙasa da ba cutar. Wanda ya girma a inda ake maleriya, jikinsa yakan sami ɗan ƙarfin jure ta saboda yawan kamuwa. Ƙarfin nan ba gado ba ne, ba kuma na har abada ba ne. In mutum ya yi 'yan shekaru ba a cije shi ba, yakan dushe. 'Ya'yan da aka haifa a can kuwa ba su da shi ko kaɗan. A 2023 an ƙidaya mutum fiye da 2,000 da suka shiga Birtaniya da maleriya, mafi yawansu ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, mutane ne da suka je gida Afirka gai da dangi, da yawa ba su sha maganin kariya ba don suna ganin ciwon sananne ne. Mai niyyar tafiya ya ga likita tun kafin ya tashi, ya sha maganin yadda aka faɗa masa har bayan ya dawo. In zazzabi ya kama shi ko ɗansa bayan dawowa, ko da an yi watanni, ya je asibiti a ranar, ya kuma faɗi ƙasar da ya je, gama likitan da bai saba ganin ciwon ba yana iya ɗaukarsa mura.

Abin da ya sami Birazil yanzu yana samun Afirka, sai dai wannan karon baƙon daga gabas ya zo. Akwai wani anofilis na Indiya da ƙasashen Larabawa mai suna sitifensi, wanda masana da yawa ke tsammanin shi ne mai ɗigon fiffiken nan da aka kawo wa Ross a Sikandarabad. A 2012 aka fara ganinsa a Jibuti, ƙasar da a shekarar nan mutum 27 kaɗai aka samu da maleriya, har ana shirin cewa ta rabu da ita. A 2020 adadin ya haura 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a Nijeriya a 2020, a Gana da Kenya a 2022. Bambancinsa da gambiye shi ne ba ya jiran damina, ba ya kuma gudun birni. A tankin ruwa yake ƙwai, da duro, da rijiyar siminti ta masu gini, da randar da aka bari a buɗe, watau irin ruwan da mutanen unguwannin da ba famfo suke ajiyewa rani da damina. Yawancin magungunan feshi da ake da su ba sa kashe shi yadda ya kamata, yakan kuma ciji mutum a waje tun da magariba, kafin a shiga gidan sauro. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri na musamman don tare shi, ta kuma nemi ƙasashen da ya shiga su riƙa binciken ruwan da ake ajiyewa a gidaje da wuraren gini, a rufe kowane mazubi ruf, wanda ba ya rufuwa kuma a zubar da ruwansa a wanke shi sau ɗaya kowane mako.